Ɗakin Marppa da Ya Ƙi Faɗuwa

Teppana ya yi shekara hamsin da biyu yana sassaƙa wa matattun Kuikkaselga ɗaki, kuma a iya sanina bai taɓa yi wa ko ɗaya daga cikinsu ladabi ba. Yakan auna gawa da igiya yana yi mata magana kamar tana jinsa. Ya gaya wa wannan cewa ƙibarsa za ta ci katako biyu a banza, ya tuna wa waccan zagin da ta yi masa a bakin rijiya shekara goma da suka wuce. A takardun gwamnati sunansa Stepan Fedorovich. A ƙauye kuwa Kawu Teppana kowa yake ce masa, har waɗanda suka girme shi, kafin su ƙare.

Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, kunnensa na hagu ya mutu tun yana aiki a sansanin yankan katako na gwamnati. Da wannan kunnen yake sauraron shugabanni. A zamanin da hukuma ta ce babu Allah, aikinsa na albashi shi ne gina wa aladun gonar gwamnati garke, ranar hutu kuma ya sassaƙa ɗakin mamaci a bayan gidansa. Shugaban gonar ya taɓa tara mutane ya yi musu lacca a kan wannan jahilci. Da uwar shugaban ta mutu, ta ƙofar baya ya shigo. Teppana ya yi masa aikin, amma sai da ya sa shi ya riƙe ƙarshen igiyar awo a tsakar gida, inda duk mai wucewa zai gani.

Ɗakin mamaci a wurinmu tsawon kabari ne, tsayinsa bai wuce gwiwa ba in ban da rufi, da 'yar taga a wajen kai tana kallon ƙauye. Ta nan mamaci yake ganin gida, ta nan kuma muke tura masa ƙwai da kalitta, wato ɗan burodin nan namu mai cikin dankali. Daga ranar da aka ɗora ɗakin, an gama. Ba a gyarawa, ba a tokarewa. Gatari ba ya shiga kurmin matattu, wato maƙabartarmu, ba a kuma fitar da komai daga cikinsa, ko ƙwayar ɗan itace. Ranar da rufin ya rufta, mamaci ya gama tafiya, sai dangi su daina kai abinci. Yawanci shekara ashirin ne, ko ƙasa da haka. Teppana yakan ce wa masu makoki su kwantar da hankalinsu, ba gida ya gina wa tsohonsu ba, ɗakin jiran mota ne.

Sau ɗaya ya manta da wannan, kuma a kan matarsa ne.

Shekara ashirin da uku suka yi da Marppa, ba a taɓa jin sun yarda da juna a kan ko yanayin gari ba. Abin da ya fi ci masa rai shi ne maganar da ta yi a wani biki, gaban mutanen ƙauye uku, cewa duk abin da mijinta ya gina sai ya yi yoyo, har cokali. Da ta mutu, sai ya ɗauki mutuwar a matsayin damarsa ta ba da amsa. Ya yi kwana uku a daji yana neman honga, itacen nan da yake bushewa a tsaye cike da ƙaro har gatari ya riƙa tsalle a kansa. Ya shimfiɗa ɓawon itace rufi uku a ƙarƙashin katakon sama. Ya ɗora ɗakin a kan duwatsu don kada ya taɓa ƙasa. Bai sa ƙusa ko ɗaya ba. Ya yi wa bakin rufin sassaƙa irin ta coci, har mutane suka riƙa zuwa daga wasu ƙauyuka don su gani. Ranar da aka ɗora shi, an ji ya sunkuya wajen tagar yana cewa, "To, sai ki nuna mini inda yake yoyo."

Ba ta nuna ba. Shekara ashirin ta wuce, ɗakunan da ke gefenta suka rufta ɗaya bayan ɗaya. Ashirin da biyar, talatin. Waɗanda aka binne bayanta da shekara goma suka tafi suka bar ta. Da farko Teppana yana alfahari, yana kai baƙi su ƙwanƙwasa bangon su ji ƙara. Daga baya ya daina. Nasto, ƙanwar Marppa, ba ta barinsa ya wuce ƙofarta sai ta tambaye shi yaya fursunarsa ta kwana. Shi da kansa ya fara cewa Marppa ce take cukurkuɗa masa ragar kifi, ita take tsinka masa madara, ita ta ɓoye masa tabarau. Yana faɗa yana dariya, amma kowace Asabar yana can da kalitta a aljihu, shekara talatin da huɗu, alhali sauran gwagwaren ƙauyen sun huta tun tuni.

Ni na shigo labarin ne ta takarda. Ilimin katako na karanta a jami'a a Petroskoi, na yi shekara ashirin da ɗaya a ɗakin gwaji ina auna yadda itace yake ruɓewa. Na dawo ƙauye ne bayan ɗana Santeri ya rasu. Shekararsa goma sha tara, ƙanƙarar tafki ta fashe da shi a watan Afrilu. Teppana ne ya yi masa ɗaki.

A lokacin gidaje goma sha shida ne suka rage a Kuikkaselga, biyar kawai suke hayaƙi da hunturu. Da wata gidauniya a birni ta ce za ta taimaka wa tsofaffin ƙauyuka, ni kaɗai ce na san yadda ake cika irin waɗannan takardu, don haka ni na rubuta. Na sa ƙaramin cocinmu, da ɗakin surace na hayaƙi da ke bakin tafki, da gidaje shida da za a gyara cikin shekara biyu. A sashe na bakwai na sa kurmin matattu: ɗakuna goma sha huɗu da ke tsaye, a wanke su, a shafe su da maganin hana ruɓewa. Hoton ɗakin Marppa na sa a bangon takardar. Kowa ya sa hannu. Teppana ma ya sa, bai karanta ba, don a cewarsa Marppa ba ta dawo da tabarau ba tukuna.

Aka zaɓe mu. Shekarar farko ta yi wa Teppana daɗi. Shi ya jagoranci sabunta rufin coci, yana kan tsani yana ce wa hoton waliyyin da ke ciki ya yi haƙuri da ƙura, ai shi ma bai taɓa ɗaga yatsa ya taimaka ba. Baƙi suka fara zuwa da motoci. Nasto ta fito da kayan kakarta daga akwati tana zama da su a ƙofar gida, tana kaɗi da mazari, abin da ba ta taɓa iyawa ba. Teppana ya ce da za a shafa mata maganin hana ruɓewar da ake shafa wa katakon coci ita ma da an huta.

A watan Oktoba Larisa Olegovna ta zo, mai zanen gine-ginen da gidauniyar ta ɗora a kan aikinmu. Mace ce mai hankali, ta san aikinta, kuma tana son ƙauyen da gaske. Aka taru a gidan Nasto ana shan shayi. Ta miƙe ta yabi Stepan Fedorovich, ta ce a duk yankin babu ɗakin mamaci irin wanda ya yi wa matarsa, kuma in aka shafe shi a watan Yuni mai zuwa, zai ƙara shekara ɗari a tsaye.

Teppana ya juyo da kunnensa mai ji. "Nawa kika ce, 'yata?"

"Ɗari, ko fiye."

Ya ajiye kofinsa, ya ɗauki hularsa, ya fita. Nasto ta ce wa baƙuwar kada ta damu, farin ciki ne ya yi masa yawa.

Wata takwas ke gare shi, kuma ba shi da ikon taɓa ɗakin da hannu ko da ƙarfe. Amma al'ada ba ta ƙayyade yawan abincin da za a kai wa mamaci ba, ba ta kuma ce a ina za a ajiye ba. Ya fara kai wa Marppa kitsen alade, yana cusa shi a tsakanin katakon rufi. Tsuntsayen nan masu saran itace da baki suka zo daga ko'ina, suka cinye kitsen tas, suka gwada honga sau ɗaya suka koma inda suka fito. Da dusar ƙanƙara ta sauka, sai ya zama mai kishin share hanyar kurmi, kuma duk shebur ɗin da ya ɗebo sai ya faɗa a kan rufin Marppa. Kafin Janairu tulin ya fi shi tsayi. Da ƙanƙarar ta narke, rufin ya fito fes kamar an wanke shi.

Ya tari fada, limamin coci, wanda yake zuwa mana a kan babur sau ɗaya a wata biyu. Fada ya ce coci bai san da wannan zance ba, rai yana gama tafiyarsa a kwana arba'in, katako ba ya riƙe kowa. Teppana ya ce ai fada bai san Marppa ba, kwana arba'in ko ɗankwali ba ta gama ɗaurawa ba.

Ni ma ya gwada ni. Ya tsayar da ni a hanyar rijiya ya ce, Farfesa, haka yake kirana tun da na dawo, a ce wani mutum yana da katako yana son ya ruɓe, me zai yi? Ashe ya riga ya kai wani ruɓaɓɓen kututture ya jingina a bangon ɗakin Marppa, wai matashin kai ne ya kai mata. Na gaya masa funfunar da ke jikin wannan kututturen ba ta cin honga. Ya tambayi wacce take ci. Na ce ban sani ba. Na sani.

A watan Mayu ya zo gidana da hantsi, ya cire takalma ya zauna a kan benci ba tare da an ce ya zauna ba. Na zuba masa shayi. Ya ce in cire sashe na bakwai.

Na yi masa bayani yadda na iya, kuma duk abin da na faɗa gaskiya ne. Na ce hoton nan ne ya sa aka zaɓe mu a cikin ƙauyuka arba'in. Na ce in muka janye, ba mamaki su ma su janye daga gidaje ukun da suka rage. Na ce bayansa babu mai iya wannan aikin, in ɗakunan suka ruɓe, shi ke nan, jikokinmu sai dai su ji labari. Ya saurara da kunnensa mai ji, abin da ba ya yi wa kowa.

"Outi," ya ce. Rabon da ya kira sunana tun ina yarinya. "Ba don Marppa kika rubuta takardar nan ba."

Na ajiye butar shayi a kan tebur.

"Da hoaba na yi wa yaronki ɗaki, ɗanye, na kuma ɗora shi a kan ƙasa ba dutse. Kin gani tun ranar. Aikinki ne."

Na gani. Hoaba itace ne mai laushi, ba ya jure danshi. Shekara tara ke nan, kuma rufin ɗakin Santeri ya lotsa ta hagu da santimita huɗu. Duk wata ina aunawa da ido, ina rubutawa. A cikin ɗakuna goma sha huɗun nan, nasa ne na goma sha ɗaya.

"Yaro ne mai sauri," in ji Teppana. "Ko abinci a tsaye yake ci. Ba a ajiye irinsu. Ni na kulle tawa ne don in ci gardama, ga shi na ci, shekara talatin da huɗu ina ci. Ke me za ki ci?"

Ya cinye kalitta uku, ya ce ɓawon ya yi kauri, uwata ta fi ni iyawa, ya sa takalmansa ya tafi.

Na so in ce na yanke shawara a ranar, amma ba haka aka yi ba. Sai da motar ta zo a sati na biyu na Yuni, da jarkoki shida da buroshi da ma'aikata uku. Na tarar da su a bakin shingen kurmi suna sauke kaya. Teppana yana zaune a kan wani dutse can gefe, sanye da rigarsa ta zuwa coci, hannu a kan gwiwa. Bai kawo komai ba, bai shirya komai ba. Dabarunsa sun ƙare.

Dokar gidauniyar ita ce ba a fara kowane sashe sai wakilin ƙauye ya sa hannu a wurin. Larisa Olegovna ta miƙo mini takardar da biro. Na ce mata ba zan sa ba, ƙauye ya janye sashe na bakwai. Ta tambaya wane ne ƙauyen, na ce yau dai ni ce. Ranta ya ɓaci, kuma tana da hujja. Ta ce nan da shekara goma ba za a sami irin waɗannan ko ɗaya a tsaye ba. Na ce na sani, in tana so zan ba ta shekarar faɗuwar kowanne. Ta ce ni mai ilimi ce, ta yaya zan yarda cewa katako yana riƙe rai? Na ce ban ce na yarda ba. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce wa ma'aikatan su mayar da jarkokin mota.

Ba ta tafi ba. Ta yi kwana huɗu a kurmin tana zane da ɗaukar hoto, ba ta taɓa komai ba. Teppana yana biye da ita yana kushe zanen, yana cewa wannan haɗin da ta zana ko kaji ba za su yarda su kwana a ƙarƙashinsa ba. A rana ta uku ya kai ta bayan gidansa ya sassaƙa haɗin a gabanta sau biyu, a hankali. Ban taɓa ganin ya yi wa wani haka ba.

Abin da na ji tsoro ya faru. Aikin shekara ta biyu bai zo ba. A cikin gidaje ukun da ba a gyara ba, ɗaya ya rushe a hunturun da ya biyo, mai shekara ɗari da sittin, da tagogi masu sassaƙa da babu irinsu. Ɗaya kuma na Nasto ne, har yau da bokiti biyu take kwana in ana ruwa. Ta daina gaishe ni. Teppana ya hau ya toshe mata abin da ya iya, tana ƙasa tana gaya masa cewa yayarta ta yi gaskiya a kan yoyo.

Rufin Santeri ya rufta a watan Afrilu na shekarar da ta biyo. Na zo da ƙwai biyu na tarar. Ba a fita da komai daga kurmi, don haka na ajiye su a kan gansakuka na koma gida. Ban sake kai abinci ba.

Teppana ya ci gaba da zuwa kowace Asabar. Duk watan Mayu yakan zagaya ɗakin Marppa yana danna babban yatsa a jikin katako, yana cewa wannan ba taɓawa ba ce, gaisuwa ce. Shekara biyu bayan zuwan motar, sai ga shi a ƙofata da rana tsaka, yana haki, ya ɗago yatsan a gaban fuskata. Akwai ɗan gari mai ruwan ƙasa a ƙarƙashin farcen. Kusurwar arewa, ya ce, ƙasa-ƙasa, inda dutsen ya nutse. Ya shiga har rabin farce.

Ya ce in zo in duba masa da idon jami'a. Muka tafi. Na durƙusa na duba kusurwar, na duba inda ruwa yake kwanciya, na duba inuwar itatuwan da ke kanta. Na ce shekara bakwai, ko takwas.

"Bakwai ko takwas? Karatun shekara biyar kika yi don ki ce ko?"

"Takwas."

Shekararsa tamanin da uku a lokacin. Ya yi lissafi da leɓe. Ya ce ita dai dole sai an jira ta.

Duk tsawon watannin zafi na shekarar yana bayan gidansa yana sassaƙa. Ya sha zuwa yana tambayata abubuwa: in an haɗa hoaba da wani itace mai ɗan ƙarfi, wanne zai fara ci? In ɓawo ɗaya aka sa maimakon biyu, hunturu nawa za a rage? In dutse biyu ne kawai a ƙasa ba huɗu ba fa? Na ɗauka wani ne ya ba shi aiki, sai da na ga tsawon. Na tambaye shi me ya sa yake son nasa ya kai takwas daidai. Ya ce in ta riga shi isa can, za ta ba da labarin yadda ta ga dama, in shi ya riga ta kuma, za ta ce ya gudu ya bar ta. Gara su shiga tare kowa ya faɗi nasa.

Ya rasu a watan Nuwamba, a kan bencinsa, da takalmi ɗaya a ƙafa. Babu wanda ya auna shi, ya riga ya bar igiyar a rataye da ƙulli a inda ya kamata. Muka binne shi kusa da ita, muka ɗora ɗakin. Shi ne mafi muni a cikin duk abin da ya taɓa yi, rabi fari rabi ja, rufin kamar an zauna a kai. Nasto ta zagaya shi sau ɗaya ta ce yanzu ne ya yi aikin da ya yi kama da shi.

Shekara uku ke nan. Ni nake kai musu kalitta ranar Asabar, tun da ba su bar kowa ba. Nata ya karkata zuwa arewa, nasa ya fara buɗewa ta wajen ƙafa. Na duba su a watan Mayun nan da kyau, na sake dubawa. Ya sa hoaba ya yi yawa. A lissafina zai riga ta da hunturu ɗaya.